Jami'in walwalar 'yan makaranta a Ingila: tambayoyi da amsoshi kan aikinsa da garambawul ɗin da ake yi masa

Tun ranar da ƙaramar hukumar garin da muke zaune a arewacin Ingila ta fitar da takardar neman ra'ayi kan sake fasalin sashenta na kula da walwalar 'yan makaranta, wayata ba ta huta ba. 'Yan uwa sun san ina wakiltar iyaye a kwamitin gudanarwar wata firamare, don haka duk wanda ambulan ruwan ƙasa ta faɗo masa ta ramin ƙofa sai ya ɗauki hoto ya turo mini da "Malam, duba mini wannan." Tambayoyin da suka fi maimaituwa ne na tattara a nan. Ni ba lauya ba ne, kuma dokokin da zan ambata na Ingila ne kaɗai. Sikotland da Wels da Ireland ta Arewa kowa da nasa tsarin.

Wane ne wannan jami'in, kuma wa ya ɗauke shi aiki?

A asali ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. A wasiƙu za ka ga an taƙaita muƙaminsa da haruffa uku, EWO, ko da yake wurare da dama sun sauya masa suna zuwa jami'in halartar makaranta. Babban aikinsa shi ne tabbatar da cewa duk yaron da ke cikin shekarun karatun dole yana samun karatu, wato daga zangon da ya biyo bayan cikarsa shekara 5 har zuwa Juma'ar ƙarshe ta watan Yuni a shekarar karatun da zai cika 16. Sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wannan nauyi a wuyan iyaye. Jami'in shi ne idon hukuma a kan ko sun sauke.

Inda mutane ke rikicewa shi ne makarantu da yawa sun ɗauki nasu ma'aikacin mai suna kusan iri ɗaya. Matar da ke bugo maka waya da ƙarfe tara da rabi na safe tana tambayar ina yarinya, ta makaranta ce. Wanda zai iya kai ka kotu kuwa, ƙaramar hukuma ce kaɗai. Kafin ka tashi hankalinka, duba tambarin da ke saman takardar.

Yaushe aka fara wannan aiki?

Ya haura shekara 150. Dokar 1870 ta kafa hukumomin makarantu a unguwanni, ta 1880 kuma ta wajabta karatu ga yara daga shekara 5 zuwa 10. Talakawan lokacin ba su yi maraba ba, domin ɗan shekara tara yana kawo kuɗin cefane daga masaƙa ko gona. Sai aka ɗauki mutane suna bi gida-gida. A Landan ana ce musu masu ziyara, amma a bakin talakawa sunansu masu kamun yara. Suna rubuta sunan kowane yaro, da sana'ar ubansa, da yawan ɗakunan gidan. Littattafansu sun yi cikar da a ƙarshen shekarun 1880 mai binciken talauci Charles Booth ya dogara da su wajen zana shahararriyar taswirarsa ta talauci a Landan.

Da na fara karanta wannan tarihi sai na tuna labarin da kakanninmu ke bayarwa, na dogarin hakimi da ke zuwa ɗibar yara zuwa makarantar boko, uwa ta ɓoye ɗanta a rumbu. Ashe Turawan da suka kawo mana abin, a gidansu ma da kamu aka fara.

Masu ziyarar sun je kamu, sai suka tarar da yaron da ba shi da takalmi a tsakiyar hunturu, da yarinyar da ke renon ƙannenta saboda uwa na kwance. Daga nan aikin ya fara rabuwa biyu. A 1906 aka ba hukumomi damar ciyar da yara mabuƙata a makaranta, bayan dokar 1944 kuma kalmar walwala ta riƙa maye gurbin tsohon sunan. Sai dai sandar ba ta taɓa barin hannunsu ba.

To me ya sa kullum ake cikin sake duba aikinsu?

Saboda an ba mutum ɗaya taura biyu ya tauna. Shi ne zai zauna a falonka ya ce ka faɗa masa damuwarka, shi ne kuma zai tsaya gaban alƙali da takardun da ya rubuta a wannan zaman. Duk bitar da aka yi tun shekarun 1960 a nan take kewayawa. Rahoton kwamitin Seebohm na 1968 ya ba da shawarar a haɗe irin wannan aiki da sashen jin daɗin jama'a. Rahoton kwamitin Ralphs na 1973 ya duba aikinsu da horon da suke buƙata. Mafi yawan hukumomi suka bar su a sashen ilimi, kuma har yau babu wata takardar shaida guda da doka ta ce sai da ita mutum zai riƙe wannan muƙami a Ingila. Wani tsohon malami ne, wani tsohon ɗan sanda, wata daga aikin matasa ta fito.

Dalili na biyu kuɗi. Daga 2010 makarantu suka riƙa ficewa daga ƙarƙashin ƙananan hukumomi suna zama akadami, masu karɓar kuɗinsu kai tsaye daga gwamnatin tsakiya. Yau mafi yawan sakandaren Ingila haka suke. A 2015 gwamnati ta sanar da zaftare fam miliyan 600 daga tallafin da hukumomi ke biyan irin waɗannan ayyuka da shi, a 2017 kuma babban kason tallafin ya tsaya. Hukumomi da yawa suka rage ma'aikata, suka mayar da ziyarar gida haja: makarantar da ke so ta saya da awa-awa. Abin da doka ta tilasta musu, wato tara da kotu, shi ya tsira. Aka yanke hannun da ke shafawa aka bar mai mari.

Sai korona ta zo ta tona asiri. A shekarar karatu ta 2018/19, kashi 10.9 cikin 100 na ɗalibai ne ke cikin masu yawan fashi. A 2021/22 adadin ya kai kashi 22.5. Masu rasa rabin karatun shekara ko fiye kuma sun ninka sama da biyu. Ba a iya cin tarar kashi ɗaya bisa biyar na iyayen ƙasa, dole aka koma neman ma'aikatan da aka sallama.

Me sabon tsarin ya ce?

A watan Mayun 2022 ma'aikatar ilimi ta fitar da sabuwar ƙa'ida, wadda ta zama dole daga 19 ga Agusta 2024. Ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kafa tawagar tallafa wa halartar makaranta, ta kuma yi wa kowace makaranta a yankinta ayyuka huɗu kyauta, akadami ce ko ba akadami ba: ba da shawara da sanya wa makaranta jami'i sananne da za ta riƙa tuntuɓa, zama da makaranta lokaci-lokaci a duba yaran da abin ya fi tsananta a kansu, haɗa iyali da sauran hukumomin da za su iya taimakawa, sai matakin shari'a idan duk waɗannan sun ci tura. Kowace makaranta kuma ta naɗa wani babba daga shugabanninta da zai ɗauki alhakin wannan fanni, ta riƙa aika rajistarta ta kullum zuwa ma'aikatar ilimi ta hanyar kwamfuta.

A takarda abin ya yi kyau, taimako kafin hukunci. Amma ba a dawo da kuɗin da aka zaftare ba. Shi ya sa hukuma bayan hukuma ke zama tana bitar sashenta: an ce ta yi kyauta abin da take sayarwa, da ma'aikatan da ta riga ta rage. Takardar da ta zo gidajenmu 'yar wannan matsin ce.

Kwana nawa yaro zai yi fashi kafin a ce ya yi yawa?

Shekarar karatu kwana 190 ce, ana kiran suna sau biyu a rana, safe da bayan abincin rana, jimilla 380. Tun Satumban 2015, yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 ya shiga sahun masu yawan fashi. Kwana 19 ke nan a shekara, wajen kwana ɗaya duk mako biyu. Wannan lissafi bai ware rashin lafiya ba. Mu da muka saba ganin maki 90 a jarrabawa mu yi murna, a nan 90 alamar ja ce.

Lissafin tara daban ne. Shi yana duba fashin da makaranta ba ta amince da shi ba: kira 10, wato kwana 5, cikin makonni 10 na karatu. Ba sai a jere ba.

Ina aikin dare, yarona kan makara amma ba ya fashi. Me ya kawo mini wasiƙa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin ta fi shafar mutanenmu masu aikin kula da tsofaffi da na asibiti. Ana barin rajista a buɗe na ɗan lokaci da safe, bai wuce minti 30 ba. Wanda ya zo a cikin wannan lokaci, makara aka rubuta masa. Wanda ya zo bayan an rufe, ana sa masa harafin U, kuma a lissafi daidai yake da wanda bai zo ba a safiyar, ba da izini ba. Yaro na zaune a aji yana rubutu, a kwamfuta kuwa ba ya nan.

Na raka wata baiwar Allah zama da jami'ar walwala kan irin wannan wasiƙa, kuma da izininta nake ba da labarin. Ta zo da yunifom ɗin aiki a ƙarƙashin hijabi, idanu jajir, hannunta na rawa a kan jaka. Ta kwana tana tunanin za a raba ta da ɗanta. Jami'ar ta shimfiɗa takardar rajista a tebur, layi-layi da ƙananan haruffa, ta bi da bayan biro tana kallo, ba ta ce komai ba kusan minti guda. Sai ta ɗago ta ce ta lura duk haruffan U ɗin Talata da Laraba ne, me ke faruwa a waɗannan ranaku? Ranakun da uwar ke sauka daga aikin dare ne, mijinta kuma ya riga ya fita tun asuba, bas ɗin da ke dawo da ita ba ya isa unguwar sai wajen tara. Babbar 'yarsu ke zama da yaron har ta dawo, ita ma tana makara a tata makarantar. Cikin minti goma aka samar wa yaron gurbi a shirin karin kumallo da makarantar ke buɗewa kafin takwas, yayar ta riƙa ajiye shi ta wuce. Ba tara, ba gargaɗi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne haruffan nan sun yi wata uku a kwamfuta, an aika wasiƙa uku da inji ya buga, ba wanda ya zauna ya kalli ranakun. Duk maganar garambawul, a wurina, a kan wannan minti gudan take: ko akwai ma'aikacin da ke da sararin yin shiru ya duba.

Muna so mu je gida biki, tikiti ya fi araha kafin a yi hutu. Za a ba mu izini?

Da wuya. Kafin Satumban 2013 shugaban makaranta na iya ba da har kwana 10 don tafiyar iyali. Daga lokacin aka ce sai da wani dalili na musamman ƙwarai, kuma arahar tikiti ko bikin ƙanwa ba sa ciki. Wani uba daga tsibirin Wight, Jon Platt, ya kai 'yarsa Florida ana tsakar zango, ya ƙi biyan tara da hujjar cewa halartarta ta shekara ta haura kashi 90. Ya yi nasara a ƙananan kotuna, amma a Afrilun 2017 Kotun Ƙoli ta ce zuwa makaranta a kai a kai na nufin zuwa duk ranar da ƙa'idar makaranta ta ce a zo. Daga ranar wannan ƙofa ta rufu.

Rasuwa ta fi samun sassauci, musamman ta kaka ko kakan yaro, amma shugaban makaranta ne ke yanke yawan kwanakin. Zai iya fahimtar jana'iza da zaman makoki na 'yan kwanaki. Kada ka sa ran zai jira sadakar arba'in. Ka rubuta kafin ku tashi, ko da daga filin jirgi ne, ka haɗa da hoton tikitin dawowa, domin ba a ba da izini bayan an riga an tafi. Umra da yara ma a nemi lokacin hutu.

Akwai hatsarin da ya fi tara. Idan yaro ya yi kwana 20 na karatu a jere ba izini, ko ya wuce ranar da aka yi alkawarin dawowa da fiye da kwana 10, aka bincika ba a ga alamar zai dawo ba, ana iya cire sunansa. A makarantar da ake layin shiga, kafin ku sauka an ba wani kujerar.

Ranar Sallah fa?

Doka ta amince da ranar da addinin iyaye ya keɓe don ibada, ana sa mata harafin R. Galibin makarantu kwana ɗaya suke bayarwa a kowace Sallah. Sanar da su tun da wuri, ka kuma bayyana cewa ranar na iya motsawa saboda ganin wata, domin a aji ɗaya sai ka tarar wasu sun yi Sallah Talata wasu Laraba. Yawon Sallah na kwana uku dai sai a bar wa Asabar da Lahadi.

Nawa ce tarar, kuma aljihun wa take shiga?

Daga Agustan 2024, fam 80 idan an biya cikin kwana 21, fam 160 idan ya kai kwana 28. Amma kowane mahaifi ake ci, a kan kowane yaro. Miji da mata da yara uku: fam 480, idan aka yi jinkiri fam 960. Karo na biyu a kan yaro ɗaya cikin shekara uku, fam 160 ne kai tsaye ba ragi. Karo na uku babu tara, sai a duba kotu ko wani matakin. Babu ɗaukaka ƙara a kan takardar tara, sai dai hukuma na iya janye ta idan an yi kuskure wajen bayarwa.

Makaranta ba ta samun ko kwabo. Kuɗin na zuwa ƙaramar hukuma don gudanar da tsarin da tallafa wa halarta, rarar kuma ta koma gwamnatin tsakiya.

A 2023/24 an ba da takardun tara sama da 487,000 a Ingila, kuma kusan tara cikin goma na tafiyar hutu ne. Wannan adadi na faɗin wani abu. Tara tana kama iyalin da suka je shan iska mako guda, waɗanda yaransu ke zuwa makaranta sauran shekara. Yaron da ya yi wata huɗu a ɗaki ya ja labule, ba tara ce za ta fito da shi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Idan aka kai kotu, zai shafi bizata?

Biyan tara a kan lokaci yana rufe maganar, ba ya zama tarihin laifi. Ƙin biya shi ke kai mutum kotun majistare ƙarƙashin sashe na 444 na dokar 1996. Ƙaramin laifin tararsa na iya kaiwa fam 1,000. Idan aka tabbatar ka san yaron ba ya zuwa kuma ba ka yi komai ba, tana iya kaiwa fam 2,500 ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba. Ɗauri ba kasafai ba ne, amma ya taɓa faruwa: a 2002 an yanke wa wata uwa a Banbury kwana 60.

Hukuncin kotu tarihin laifi ne, takardun neman biza da na zama ɗan ƙasa kuma suna tambaya a kansa, haka ma wasu masu ɗaukar aikin kula da yara ko tsofaffi. Idan sammaci ya zo, nemi lauya, kada ka jefa shi a durowa. Mu da muka fito daga Najeriya, inda dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta tanadi tarar naira 2,000 ga uban da aka sake samu da hana ɗansa karatu, amma da wuya ka ji wanda aka ci, muna da halin ɗaukar irin wannan takarda da wasa. A nan aiwatarwa suke yi.

Za su iya ƙwace mini yara?

Jami'in walwala ba shi da wannan iko. Ba shi ma da ikon shiga gidanka sai ka ce bismillah. Raba yaro da iyayensa sai da umarnin kotu, ko 'yan sanda a halin gaggawa na awa 72. Abin da ke wuyansa shi ne idan ya ga alamar cutarwa ya sanar da sashen kare yara.

Tsananin da suke yi a kan yaron da ya ɓace daga rajista yana da tushe. Victoria Climbié, 'yar shekara 8 daga Kodebuwa, ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 a hannun waɗanda ke riƙonta, ba a taɓa sa ta makaranta a Ingila ba, don haka babu malamin da zai ce yau ban gan ta ba. Binciken Lord Laming na 2003 kan rasuwarta ya haifar da dokar yara ta 2004, daga baya kuma aka wajabta wa hukumomi neman duk yaron da ba ya kan rajistar kowa. Idan sun ƙwanƙwasa ƙofa suna so su ga yaron da idonsu, fito da shi ku gaisa.

Ɗana ya ƙi zuwa da kansa, na yi faɗa na yi lallashi. Laifina ne?

A idon doka nauyin na kanka, amma abin da za a duba shi ne me ka yi. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ke ciwon ciki kowace Litinin ya warke da azahar, ko dai ana cin zalinsa, ko wani darasi ya fi ƙarfinsa yana jin kunya, ko fargaba ce ta gaske wadda ke buƙatar likita. Yaranmu da suka zo da girmansu kuma suna fama da dariyar da ake yi wa harshensu, ba za su faɗa maka ba.

Riga makaranta magana. Rubuta, kada ka tsaya a waya, ka ajiye kwafi. Nemi zama, ka nemi tafinta idan Turancin taro na ba ka wahala. Ana iya yin yarjejeniyar halarta, wadda ba dole ba ce amma tana nuna ka ba da haɗin kai. Ana iya rage wa yaro awanni na ɗan lokaci ya dawo a hankali. Idan rashin lafiya zai hana shi zuwa kwana 15 ko fiye, a jere ko a warwatse, wajibi ne hukuma ta shirya masa karatu ta wata hanya. Kafin tara kuma sau da yawa akan ba da takardar gargaɗi mai wa'adin 'yan makonni.

Dorina dai a bar ta inda aka baro ta. Dukan da ya bar shaida a jiki zai mayar da maganar fashi ta koma binciken cutar da yaro.

Idan na mayar da shi gida Najeriya ko Nijar ya yi karatu, ko na koyar da shi da kaina?

Duka biyun halal ne a doka. Idan tafiya ce, rubuta wa makaranta ranar tashi da inda zai zauna da sunan makarantar da zai shiga. Wanda ya tafi shiru, za a buɗe masa fayil na yaron da ya ɓace. Koyarwa a gida kuma na nufin ka ɗauki nauyin cikakken karatu har da kuɗin jarrabawa, kuma Islamiyyar Asabar da Lahadi ba ta cike wannan gurbi. Ƙudurin da gwamnati ta gabatar a Disamban 2024 ya ƙunshi rajistar dole ta yaran da ba sa makaranta.

Sashen walwalar 'yan makaranta ne kuma yawanci ke ba da takardar izinin aikin yara. Mai shago ya sani, ko ɗan cikinsa ne ke taya shi, ko ba ya biyansa, ana buƙatar takardar, kuma aikin bai wuce awa 12 a mako ba lokacin zango.

Wane tsari ne ya fi, a ganinka?

Maƙwabta sun gwada hanyoyi daban. A Jamhuriyar Ireland dokar 2000 ta kafa hukuma guda ta ƙasa, a 2014 aka shigar da ita cikin Tusla, hukumar yara da iyali, a 2021 kuma aka mayar da alhakin tsara manufofinta ma'aikatar ilimi. Can makaranta na kai rahoto idan yaro ya yi fashin kwana 20. A Ireland ta Arewa sashen na ƙarƙashin hukumar ilimi guda, ana miƙa masa yaro idan halartarsa ta faɗi ƙasa da kashi 85, kuma ba su da takardar tara irin ta Ingila. Kai-komon Ireland tsakanin ofishin yara da ofishin ilimi shi ne dai gardamar Seebohm, bayan shekara hamsin.

Ni ban damu ƙwarai da wane ofishi aka rataye allon sunansu ba. Na fi son a raba mai zuwa gida da mai shirya takardun kotu, ko da teburinsu na kallon juna, domin uwar da ta san maganarta za ta koma hujja a kanta ba za ta ce mijinta ya bar gida ba. Na kuma fi son a raba jami'ai bisa unguwa maimakon bisa makaranta. Gidan da na ba da labarinsa yara biyu ne a makarantu biyu, matsala ɗaya, kuma kowace makaranta rabin labarin take gani. Wani abokin zamana a kwamiti, tsohon hedimasta, ya saɓa mini a na farkon. Ya ce idan iyaye sun san mai ziyarar ba shi da haƙori, wasu ba za su buɗe ƙofa ba. Ban ce ƙarya yake ba, ya fi ni daɗewa a harkar.

Takardar neman ra'ayin nan, cikawa na da amfani? Me zan rubuta?

Cika, Hajiya, ko da layi biyar ne. A zaman jin ra'ayin da na halarta, shugabannin makarantu ne suka cika ɗakin, iyaye ba mu kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma babu mai aikin dare ko ɗaya, domin an sa taron ƙarfe goma na safe.

Tambayi jami'ai nawa za su rage bayan garambawul, kuma makarantu nawa kowanne zai riƙe. Tambayi ko uwa za ta iya kiran sashen da kanta, ko sai makaranta ta kai ƙararta tukun. Tambayi ko mutum zai duba rajista kafin wasiƙar farko ta fita, da ko wasiƙar za ta faɗi a fili cewa ana iya samun tafinta. Idan kina cikin masu bizar da aka rubuta ba su da haƙƙin tallafin gwamnati, ki ambaci abincin makaranta: tun 2022 yaran irin waɗannan iyalai na iya samun sa kyauta idan kuɗin shigar gidan bai wuce wani ƙayyadadden adadi ba, kuma iyaye da yawa ba wanda ya taɓa faɗa musu. Ranar rufe karɓar ra'ayi na shafin farko na takardar, kuma ana karɓa ta intanet ko a miƙa a ofishin makaranta.